Shuɗin Allin Hannatu

Ƙaramar hukuma ta zaɓi layinsu Baba Jonathan a Kakuri don gwada sabon tsarin kwashe shara, wataƙila saboda shi kaɗai ne layin da mota za ta shiga ta fito da tayoyinta huɗu. Aka ba kowane gida manyan robobi uku masu murfi da takarda guda. Kore na ragowar abinci ne, shuɗi na kwalabe da gwangwani da roba, baƙi na duk abin da ya saura. Motar za ta riƙa zuwa ranar Talata da hantsi. Abin da aka zuba ba a wurinsa ba, za a bar wa mai shi kayansa.

Maƙwabta suka karɓi tsarin hannu biyu. Kafin sati ya zagayo, kore ya zama na tarar ruwan sama, shuɗi na ajiyar masara. Baba Jonathan ne kaɗai ya bi takardar layi bayan layi. Shekara talatin ya yi yana akawu a masaƙa kafin a rufe ta, kuma bai taɓa shakkar abin da aka buga da inji aka danna masa hatimi ba.

Wannan hali nasa yana da hannu a mutuwar matarsa Hannatu, amma shi kaɗai ya sani.

Hawan jini ne da ita. 'Yarsu Naomi, wadda ke aikin nas a Jos, tana aiko magani kati uku duk wata. Da idon Hannatu ya yi rauni, sai ya zamana shi yake ɓallo mata ƙwayoyin kowace safiya. Wata rana wani mai lasifika a kasuwa ya miƙa masa takarda mai hatimi har biyu, wadda ta ce ƙwayoyin asibiti ƙoda suke cinyewa. Baba Jonathan ya karanta ta sau uku, ya sayo jiƙo cikin jarka, ya ce wa Hannatu Naomi ce ta canza magani. Kowace Lahadi Naomi takan kira ta ce, "Baba, Mama tana shan maganinta?" Shi kuma ya ce, "Ba fashi." A wata na takwas Hannatu ta faɗi a kicin da ludayi a hannu, ba ta sake magana ba.

Kati ashirin da huɗu ke nan, ba a taɓa ko ɗaya ba, cikin baƙar leda a saman wadirob ɗin ɗakinta. A al'adar dangin Hannatu, ko allura ba ta fita daga ɗakin mamaciya sai an shekara, sannan matan danginta su zo su buɗe, su fito da komai a gaban 'ya'yanta. Saura sati uku da 'yan kwanaki shekarar ta cika. Naomi za ta zo, kuma Naomi ta iya karanta kwanan wata a jikin kati.

Don haka ya buɗe ɗakin da safayar makulli, ya ɗauko ledar, ya rufe. Da farko ya zauna a falo da niyyar ɓalle ƙwayoyin ya zuba a masai. Ƙwaya ta farko na yin ƙas, sai aka yi gyaran murya a cikin ɗakin da ya kulle yanzun nan, irin wanda Hannatu take yi idan tana jiran a miƙo mata ruwa. Rana tsaka ce, rediyon maƙwabta yana ta waƙa. Ya mayar da katin cikin leda ya ɗaure.

Ya koma ga takardar hukuma. Kati dai roba ne da ɗan ƙarfe-ƙarfe, saboda haka ya jefa ledar a shuɗi.

Ranar Talata motar ta zo. Direba a gaba, maza biyu suna ɗaga robobi, sai wata mata a tsaye a kan matakin baya, da takunkumi da safar hannu, tana leƙa kowace roba kafin a juye. Da suka wuce ya fita shigo da kayansa, sai ya tarar da ledar a kan murfi. A jikinta an ja layi biyu a karkace da shuɗin alli, an ɗiga ɗigo a ƙarƙashinsu.

Ya daɗe yana kallon alamar. A masaƙa Hannatu mai duba yadi ce. Kowace mai dubawa tana da alamarta, don a san wadda za a tambaya. Idan yadi ya yi kyau, Hannatu takan zana da'ira. Idan akwai aibi, layi biyu da ɗigo, a mayar wa mai saƙar. Har kan kwanon miya da bai wanku ba, ta taɓa zana masa ita.

Ya gaya wa kansa cewa alli ba na mutum ɗaya ba ne, layi biyu ma haka. Mutum mai ilimi ba ya firgita da ɗigo.

Sati na biyu ya zaɓi baƙi, tunda takarda ta ce duk abin da ya saura. Ya tusa ledar can ƙasa, ya rufe ta da toka da tsofaffin silifas. Wannan karon ya tsaya a taga, amma motar ta kare masa gani. Da ta matsa gaba, ga leda a kan murfi, ba ko ƙurar toka, da alamar nan sabuwa. Ya kwance ledar. An jera katunan uku-uku bisa watanninsu, kowane wata an ɗaure shi da zare.

Ya bi motar da sauri har ƙarshen layi, ya buga ƙofar direba. Tagwai sunansa, mutumin Makera, ba ya rabuwa da goro da raha.

"A'a, Baba ciyaman na shara!" in ji Tagwai. "Kai kaɗai kake sa mu ji kamar ma'aikata a layin nan. Lafiya?"

"Malam Tagwai, matar nan taku, wa ya ba ta izinin buɗe ledar mutane?"

"Wace mata?"

"Mai alli. Wadda take tsayawa a baya."

Tagwai ya leƙa madubi, ya yi dariya. "Baba, mu uku ne, duk ƙarti. Da da mace a motar nan ai da Benson ya fara wanka. Kuma mu ba mu da alli, jar sitika aka ba mu, ita ma ta ƙare tun satin farko."

Benson ɗin ya ɗago daga baya ya ce, "Ina jin ka, Tagwai." Baba Jonathan ya zagaya ya duba. Matakin baya ba kowa, sai wani buhu da aka rataya.

Ranar Litinin ta ƙarshe ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara saba'in da ɗaya: ya karya doka. Ya hau keke zuwa gada, ya tsaya daidai ƙarƙashin allon da ya hana zubar da shara a kogi, ya saka dutse a ledar, ya sake ta. Ya ga ruwa ya haɗiye ta. Ya dawo gida ya ci abinci har da ƙari.

Washegari ya fito bakin ƙofa ya tsaya da hannu a baya, kamar mai duba aiki. Motar ta tsaya, Tagwai ya ɗaga masa hannu, samarin suka juye robobi suna gardamar ƙwallo. Matar tana nan a matakinta. Ta sauko a hankali, da ƙafar hagu tukuna, ta wuce tsakanin samarin ba wanda ya kauce mata, ta ajiye leda a kan koren murfi. Ruwa yana ɗiga, warin kogi ya cika wurin. Ta ɗago ta dube shi. A saman takunkumin idanu ne masu farin yana, waɗanda ba su kamata su ga komai ba, amma a kansa suke. Ta koma ta hau, motar ta tafi.

Allin da ke jikin ledar bai wanku ba.

Ranar Asabar gida ya cika. Anti Celina, ƙanwar Hannatu, ta zo da mata shida da makullin ɗaki a bakin zani. Naomi ta iso da hantsi. Kafin a fara addu'a, Baba Jonathan ya kira ta bayan gida, wurin robobin, ya miƙa mata ledar. Ya faɗa mata komai a jere kamar mai karanta rahoto: mai lasifika, hatimi biyu, jarka, wata takwas.

Naomi ta kwance zaren, ta duba katunan ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kwanan wata. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi so ta yi ke nan.

"Kowace Lahadi na tambaye ka," ta ce.

"Kin tambaya."

"Mama ta sani?"

Ya kalli alamar da ke jikin ledar. "A lokacin dai, a'a."

Ta ɗaure ledar ta saka a jakarta. "Ba a zuba magani a shara. Asibiti ake mayarwa. Takardar taku ba ta faɗa ba?"

"Ba ta faɗa ba."

Daga ciki Anti Celina ta ƙwala kira, ana jiransu. Ya juya ya yi gaba. Bai yi taku uku ba ya ji hannun Naomi a kafaɗarsa, tana kaɗe masa riga da ƙarfi, kamar yadda ake kaɗe katifa.

"Ka jingina da wani abu," ta ce. "Alli ne a bayan rigarka."

Ya tsaya cak. "Da'ira ce, ko layi biyu?"

"Ban duba ba. Na riga na goge."

Ta wuce shi ta shiga gida, tana murza shuɗin da ya maƙale mata a tafin hannu.