Ragar Baba Gola

Ƙwallon ba ta zo da wani ƙarfi ba. Gangarowa ta yi a ƙasa, irin wadda ko yaro mai koyon tafiya zai tare da ƙafa. Golan ƙasa ya durƙusa zai rungume ta, sai ta yi ɗan tsalle, ta sulale ta tsakanin hannuwansa, ta bi ta tsakanin cinyoyinsa, ta je ta kwanta a raga. Ko mayar da ita tsakiyar fili ba a yi ba alƙalin wasa ya hura usur. An fitar da ƙasa daga gasar, ana dab da kaiwa wasan ƙarshe.

Shagon Mai Aski, wanda ya cika har bakin ƙofa tun azahar, ya yi tsit. Ba ka jin komai sai kukan injin aski da aka manta a kunne. Mutumin da ake yi wa askin yana zaune da rabin kai, bai ma san an tsaya ba.

Direba ne ya fara fashewa. Ya tuɓe rigar ƙwallon da ta ɗame masa tumbi, ya yi jifa da ita.

"Ko ni! Wallahi ko ni, da wannan cikin nawa, zan kama wannan! Wannan gola ne ko ƙofar shago?"

"An saye shi," in ji Mahauci. "Ni dai na gama. In kun ƙara ganina gaban talabijin, ku canza min suna."

"Haka ka ce wancan karon," wani ya tuna masa.

"Wancan karon ban rantse ba!"

Nan fa kowa ya ɗauka. Wannan a kori koci, wancan a rushe ƙungiyar gaba ɗaya a kawo 'yan makaranta. Mai Aski ya ce gobe zai sayar da talabijin ɗin ya huta.

Tela ya miƙe. Ya ratsa ta cikinsu ya fito. Shi ba cin da aka yi ne ya dame shi ba. Alkawari ya yi wa maƙwabcinsa cewa da an tashi zai zo ya ba shi labari.

Baba Gola ake ce wa tsohon, don a ƙuruciyarsa shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar masaƙar da ya yi wa aiki. Katangarsu ɗaya da Tela. Tun Tela yana sabon ango suke kallon ƙwallo a benci ɗaya, suna musu kamar za su doki juna, a tashi kuma su koma gida tare. Wannan ne wasan farko da Tela ya kalla gefensa babu kowa. Ciwon zuciya ya kwantar da tsohon, likita ya sallamo shi gida ya ce a lallaɓa shi, kada a bari wani abu ya tayar masa da hankali. Kowa a layin ya gane abin da wannan sallamar take nufi.

A bakin ƙofa ya tarar da babbar 'yar tsohon, wadda ake kira Malama saboda koyarwa take yi. Ita ce ta ɗauke rediyon ubanta ta ɓoye.

"Yaya Tela, don Allah ka ce masa mun ci," ta ce da shi ƙasa-ƙasa. "Tun safe yake tambayar lokaci. Kada wannan ya zama ajalinsa."

"Malama, Baba ne fa."

"Na sani. Ka dai daure."

Ya yi sallama ya shiga. Gadon yana jikin taga, kwalaben magani jere a kan kujera 'yar tsugunno, fanka tana juya kai a hankali. A bango akwai tsohon hoto da ya koɗe, samari a tsaye, ɗaya a durƙushe riƙe da ƙwallo. Inna, matar tsohon, tana gefen gado tana ɓare masa lemu. Ya rame ƙwarai, amma idanun nan suna nan tar.

"To?" in ji Baba Gola.

"Mun ci, Baba."

"Madalla. Wa ya ci mana?"

"Dogon nan. Ɗan gaba. Da ka."

"Dogon da aka ba jan kati a wasan baya?"

Tela ya dubi fanka. Malama ta dafe kai a bakin ƙofa.

"Daga benci ya sa kan ke nan," tsohon ya ce, kafaɗunsa suna rawa. "Tela, Tela. Allah ya ba ka ɗinki, amma ƙarya ko maɓalli ba ka iya sa mata ba. Da mun ci, da Direba ya kurmantar da layin nan da hon. Zauna. Gaya min yadda aka ci mu, kada ka rage komai."

Tela ya zauna a bakin gado ya fara. Da ya zo kan ƙwallon ƙarshe sai ya rage murya, kamar mai kawo saƙon mutuwa. Tsohon kuwa har ya ɗago daga matashi.

"A ƙasa ta zo?"

"A ƙasa."

"Ba ƙarfi?"

"Ko kaɗan."

"Ta yi tsalle dab da hannunsa?"

"Baba, ka gani ne?"

Sai tsohon ya fashe da dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan. "Na san ta! Wannan ƙwallon na san ta, ta taɓa kawo min ziyara. Wasan ƙarshe na ma'aikata, fili cike. Haka ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Kuma ka san wa ya fi kowa dariya ranar?" Ya nuna Inna da haɓa. "Wata yarinya a bayan raga."

"Tari ne ya kama ni, Malam," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba.

"Tari har da tafi? Sai da na bi ta in ji dalili. Ga shi har yau ba ta ba ni amsa ba."

Ta taga muryar Direba ta shigo, yana nan a kan bakansa. Baba Gola ya karkata kunne.

"Wa ke cewa ko shi zai kama?"

"Direba ne."

"A fitar da ni."

"Baba, likita ya ce..." Malama ta fara.

Inna ta ajiye lemun a faranti. "Bar shi, 'yar nan. Yaushe rabon da ki ga idon ubanki haka? Tela, ɗauko kujerar can mai hannu."

Tela da Mai Aski suka ɗauko shi cak a kujera suka ajiye a ƙofar gida, inda inuwar la'asar ta sauka. Tela ya ji yadda ba shi da nauyi, ya kawar da kai. Mutanen layi suka taso suna gaishe shi, kowa yana ƙoƙarin gyara fuska.

"Ku bar min wannan sannu-sannun," in ji tsohon. "A kawo bokitin fenti biyu. A kawo ƙwallo. Direba, zo nan, ɗana. An ce kana neman aikin gola."

"Baba, magana ce kawai..."

"A'a, gaban jama'a ka faɗa. Shiga."

Aka kafa bokitan a tsakiyar layi. Tsohon ya sa aka matsa da su hagu, aka ƙara matsawa, sai da suka tsaya inda yake so. Direba ya shiga tsakani ba riga, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ware ƙafafu.

"To wa zai buga?"

"Ba zan sa maka namiji ba, kada ka ce an zalunce ka. Uwargida, bismilla."

Layin ya ɗauki ihu. Inna ta dube shi, ta dubi ƙwallon. Sai ta cire silifas ɗinta ta jera su gefe, ta gyara ɗaurin zane. Ya yafito ta, ya yi mata raɗa a kunne yana nuna ƙasa da yatsa. Ta gyaɗa kai.

"Inna, a hankali fa, kada ki faɗi," in ji Direba yana dariya.

"Kai dai ka kula da kanka."

Da ɗan yatsan ƙafa ta tokare ta. Ƙwallon ta gangara, lalau-lalau, har Direba ya samu lokacin yi wa jama'a murmushi. Ya sunkuya ya buɗe hannu. Akwai wani ɗan rami a wurin, inda ruwan wanki ya daɗe yana cin ƙasa. Ƙwallon ta faɗa ciki, ta yi tsalle, ta goge masa yatsu, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ya juya zai bi ta, tumbin ya rinjaye shi, ya zauna daɓas cikin ƙura.

Abin da ya biyo baya, ko da an ci kofin iyakarsa ke nan. Mahauci ya kwanta a ƙasa yana dukan cinya. Mai rabin aski yana tsalle da ƙyallen aski a wuya. Mata suka fito ƙofofi suna tafi. Wani ya shiga motar Direban ya danne hon.

"Rami ne!" Direba yana ihu. "Ba ku ga ramin ba? Wallahi ramin ne!"

"Shi ma yaron can na talabijin," in ji Baba Gola yana share hawaye, "ba a aiko masa cewa za ta yi tsalle ba."

Mahauci ya ce a ba shi wuri ya nuna yadda ake yi. Ya tare ta kam, amma da hanci. Mai Aski ya runtse ido tun kafin a buga. Malama da kanta, da ta gaji da cewa a yi a hankali, ta karɓi ƙwallon ta ɗirka wa bokiti. Har daga layin baya mutane suka zo da gudu suna tambaya ko an soke ƙwallon da aka ci mu ne.

Tela yana tsugunne kusa da kujerar. Ya ga numfashin tsohon yana fita da ƙyar, amma bakinsa bai rufu ba.

"Yaron nan golan ƙasa, yau abinci ba zai shiga bakinsa ba," Baba Gola ya ce masa a hankali. "Na san daren da zai yi. Amma yana da hannu, ka ji na gaya maka. Gasa mai zuwa, in ya fito, ka tafa masa a madadina."

"Tare za mu kalla, Baba."

Tsohon ya dafa masa kai. "Ka ga, ka sake. Kuma har yanzu ba ka iya ba."

Kwanakin da suka biyo baya ɗakin bai rabu da mutane ba. Malama ta dawo da rediyon da kanta. Daga kan gado Baba Gola yake shirya wa ƙasa sabuwar ƙungiya. Kullum da safe sai ya kori koci, da yamma ya ji tausayinsa ya dawo da shi. Direba yakan biyo in ya tashi aiki, ya kawo lemu, ya sake bayanin ramin, a sake yi masa dariya. Mahaucin da ya rantse ya gama da ƙwallo shi ke kawo labarin wanda za a saya da wanda za a sayar.

Wata safiya Tela yana kan keke yana haɗa hannun riga, sai ya ji muryar Malama ta katanga. Ba ihu ta yi ba, sunansa kawai ta kira, amma ƙafarsa ta tsaya da kanta. Daga baya Inna ta ba da labari cewa tsohon ya sha shayinsa har ƙasa, ya ce an cika sukari, ya ce ta buɗe masa taga. Ta fita ɗauraye kofi. Da ta dawo ta same shi kansa a jingine, fuskarsa tana kallon layi.

Direba ne ya kwashi mutane zuwa maƙabarta, yana tuƙi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da aka dawo aka zauna karɓar gaisuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Direba ya shigo ya durƙusa gaban Inna zai yi mata ta'aziyya, gwiwarsa ta yi ƙara, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

"A hankali, ɗana," ta ce. "Akwai rami."

Wani ya ƙyalƙyale a baya, ya toshe baki. Sai ga dariya ta bi ɗakin gaba ɗaya. Inna tana dariya, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba.

Da yamma Tela ya buɗe shago, ba don aiki ba, don dai ya zauna. Yana gyara tarin kayan da ke kan tebur sai ya ci karo da wani wando ruwan toka. Na Baba Gola ne. Inna ta kawo tun farkon ciwon a rage masa ƙugu, aiki ya sha kansa ya manta. Ga layin allin da ya ja yana nan, ga allurai a soke.

Ya daɗe riƙe da shi a cinya. Sannan ya nemo zare mai kalarsa, ya zura a keke, ya bi layin allin a hankali har ƙarshe. Ya yanke zaren, ya kakkaɓe allin da bayan hannu, ya ninke wandon ya ɗora a kan kayan da aka gama.