Ƙahon Sambo Kafin Sakin Gonaki

Sanduna ne suka fara ɓullowa ta bayan rumbuna, sannan masu su. Maza kusan talatin, wani da lauje, wani ko takalmi babu, suna haki suna tambaya: "Ina shanun? Gonar wa suka shiga?"

Ko ɗan maraƙi babu. Mutum biyu suka tarar a gindin tsamiya. Ga Baffa Sambo, Bafulatanin da ya shekara ashirin yana busa ƙahon tagulla cikin makaɗan soja kafin ya dawo kiwo. Ga kuma Nafi'u, malamin lakwal, wato makarantar boko, da fiyanonsa mai batir a kan cinya. Kiɗan jaz suke gwadawa, wanda za su kai Damagaram ranar Asabar: ƙaho ya yi magana ya bar gurbi, fiyano ya amsa.

Ashe Sambo da doguwar busa sau uku ya buɗe kiɗan! A wannan ƙauye na ƙasar Yekuwa kuwa, muddin ba a gama girbi an saki gonaki ga makiyaya ba, busa uku ma'anarta ɗaya ce: dabbobi sun faɗa wa amfani, kowa ya fito.

Wanda ya sha gudu a banza, ai sai ya nemi wanda zai huce a kansa. Mai gari Alkasim ya ratso taron ya miƙa hannu.

"Haba Sambo, da girmanka? Ka tayar da gari tsaye. Kawo ƙahon nan, yana wurina sai an saki gonaki."

Sakin gonaki saura wata guda. Asabar saura kwana huɗu.

Sambo ya share bakin ƙahon da gefen rawaninsa, ba ya gaggawa.

"Ranka ya daɗe, busa uku kuskurena ne, na ɗauka, zan mayar da ita biyu. Amma tun ina bin garke da ƙafa ake busa ƙaho a garin nan, kuma duk busar da aka yi, mu ake nema da sanda. Yau ɗaya ya zo bakina, ban kira kowa faɗa ba. Wallahi ba na bayarwa."

Taro ya ɗauki gunaguni. Tamu, yayan Nafi'u, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kai Nafi'u, tashi mu tafi! Ɗan manomi da kai, ka zauna mai shanu na busawa kana amsa masa?"

Sanduna ba su ba Sambo tsoro ba, ya ga waɗanda suka fi su. Amma in malamin nan ya tashi, shi ke nan, ƙahon ya koma hayaniyar tsoho shi kaɗai, a karɓe ko a bari duk ɗaya ne. Bai roƙe shi ba, bai ma dube shi ba. Ya ɗaga ƙahon ya yi 'yar gajeruwar busa, ƙasa-ƙasa, kamar mai sallama a ƙofar gidan da bai tabbata za a amsa ba. Ya bar gurbin.



Nafi'u ya dubi yayansa, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, yi haƙuri. Magana ake yi mini."

Ya ɗora yatsunsa ya amsa. Sambo ya ƙara, Nafi'u ya sake amsawa, wannan karon da ƙarfi.

Hannun mai gari yana nan a miƙe, ba a ɗora masa komai ba.