Ƙaiƙayi a Idon Hagu

Majo, babban ma'aikacin jinyar asibitin, ya ɗaga fatar idon Mas'uda da babban yatsa, ya haska 'yar tocila. Mas'uda ta damƙe bakin benci, amma ba ta kau da kai ba.

"Mi aka zuba cikin idon ga?"

"Ƙaiƙayi ne ya faɗa, wurin shiƙa."

"Ban tambaye ki abin da ya hwaɗa ba. Mi aka zuba?"

"Lemun tsami. Da garin tozali."

Ya kashe tocilar, ya tsaya yana kallon ta. Duk garin Filinge an san ta. Ita ce yarinyar da ta tafi ƙasar waje ta koyo tuƙin jirgin sama, ta dawo da lasisi, ta zauna gida.

"Ke? Ke da kika yi karatun lakwal har bayan teku?"



Tun dawowarta take yawon neman aiki. Manyan kamfanoni sun ce sai mai dubban awoyi a sama. Ƙananan kuwa, masu ɗaukar 'yan kasuwa da ma'aikatan haƙar ma'adinai zuwa Agadas da Damagaram, yawancinsu sun rufe tun da baƙi suka kwashe kayansu. Wani abokin karatunta yanzu wayar salula yake sayarwa a Yamai. Ita ta ce ko da yunwa za ta kashe ta, ba za ta sa hannu a wata sana'a ba. Kwatsam sai Kumandan Abdulgafar, babban matuƙin wani ƙaramin kamfani da ya rage, ya kira ta. Suna da jirgi mai inji ɗaya, mai farfela a hanci, irin wanda ke sauka ko a filin tsakuwa. Za su horar da mutum guda ya sami izinin tuƙa shi, kuma ya zaɓe ta. Sharaɗi ɗaya ne: gobe da safe ta bayyana gaban likitan matuƙa a Yamai, a duba lafiyarta.

Jiya kuma matan gida suna sussuka a bayan gari. Ta kai musu ruwa kawai. Wata ta ce a shimfiɗa wa Madam tabarma, kada hannun tuƙin jirgi ya yi kanta. Aka yi shewa. Mas'uda ta ajiye tulu, ta karɓe taɓarya, ta yi daka har tafinta ya yi bororo, sannan ta ɗauki ƙwarya ta hau shiƙa. Iska ta juya, ta watso mata ƙaiƙayi a ido. Da Gwaggo Dijatu, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, ta kwantar da kan Mas'uda a cinya ta lashe idon da harshe, sannan ta kawo lemu da tozali, Mas'uda ta san sarai abin da ya kamata: ruwa mai tsabta, sai asibiti. Amma matan sun kewaye ta suna jiran su ji ta ce maganinsu ƙazanta ne. Ta buɗe idon da kanta.

Majo ya rufe mata idon dama da tafinsa.

"Mi kike gani?"

"Haske. Da inuwar mutum."

"To. Ƙaiƙayin karce kawai ya yi, da an wanke da tuni kin manta. Abin da aka zuba shi ya ci baƙin idon, ya zama miki." Ya ɗiga magani, ya ɗora auduga, ya manne da filasta. "Ko ya bar hakiya ko bai bari ba, sai ya warke mu gani. Makonni. Kada ki buɗe shi ga rana."

"Gobe ina da bizit wurin likitan matuƙa a Yamai."

"Ba da idon ga ba, ɗiyata."

A ƙofar asibiti ta iske Kawu Manzo, ƙanen uwarta, direban motar Yamai. Ya baro motar a tasha tana cika, ya biyo sawu.

"Subhanallahi! Sun naɗe ki kamar buhun albasa." Ya leƙa fuskarta. "Na aje miki gidan gaba, har wani alhaji na hana. Taho mu tahi."

"Majo ya ce ido ya yi miki."

"Majo! Kafin mu kai Ballayara kin ɓalle abin ga, ki sa gilashinki baƙi. Shi jirgin ba inji guda gare shi ba, kuma yana tashi? Ido guda bai isa ba?"

Ta so ta yi dariya, zafi ya hana ta.

"Ɗai-ɗai ake gwada su, Kawu. In na faɗi, rubutawa za a yi, ya bi ni duk inda na nemi aiki."

"To ki ce musu an yi rasuwa. Ki kashe ni, na yarda. Ni ba a rasa ni."

"Ba na ƙarya don a ji tausayina."

"Wanga taurin kai na ubanki ne," ya ce, amma muryarsa ta yi sanyi. "Shi ya kai ki sama, shi ya kai ki bakin turmi."

Ta koma gefen katanga, ta fito da salula. Sai da ta matso da ita kusa da idon dama kafin ta ga sunan.

Kumandan ya ɗauka da fara'a. Ta gaya masa kome, ba ta rage ba, ba ta ambaci sunan Gwaggo ba. 

"Mai horarwar daga waje muka ɗauko shi, Mas'uda. Ƙarshen mako zai koma. Ba ni da ikon tsayar da shi."

"Na sani, Kumandan."

"Na yi faɗa a kanki. Akwai waɗanda suka ce mace ba za ta jure saukar daji ba."

"Ba daji ya kayar da ni ba."

"Dole in kira na biye da ke yau ɗin nan." Ya yi ajiyar zuciya. "In wani karo ya zo..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta tilasta shi ba. Su biyun sun san jirage nawa suka rage a filin, sun kuma san matasa nawa ke zaune da lasisi cikin akwati. Ta so ta roƙe shi. Ta fasa.

"Allah ya ba shi sa'a, ko wane ne. Na gode."

Da ta juyo, Kawu Manzo ya karanta fuskarta. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"Bari in je in ba alhajin wurinsa," ya ce, ya kama hanyar tasha ba tare da ya waiwayo ba.

Gwaggo Dijatu tana zaune a gindin bishiyar dogon yaro a wajen asibitin tun safe, ta ƙi shiga ciki. Ita ce a kowace ranar kasuwa take gaya wa masu sayen kuka da daddawa cewa ɗiyarta za ta ratsa saman ƙasarsu ta Kurfai da jirgi, za ta yi mata alama. Yanzu ta ƙanƙance cikin mayafi, ƙullin kayan Mas'uda na tafiya a kan cinyarta, har da 'yar robar ƙuli-ƙulin guzuri.

Ta miƙe da ƙyar. Ta dubi farar audugar.

"Mas'u... mi lokotoro ya ce? Maganin nan nawa ne, ko?"

Mas'uda ta tsaya. Rana ta take, idon yana zuga kamar an sa garwashi. Daga tasha ana jin yaran mota suna kiran Yamai, Yamai, saura mutum ɗaya.

Ta karɓi ƙullin, ta ɗora a ka.

"Taho mu je gida, Gwaggo. Ki bi ta haguna, nan ne ba na gani."