Motar Sansanin Addu'a

Da aka kulle Kumasi saboda korona, shagon gyaran gashin da Kwarteng yake aiki ya rufe, ya dawo ɗakin yayarsa Boakyewaa ya kwanta yana kallon bango. Saurayinsa na can Accra, ba hanya, wayarsa ma ta daina shiga. Ba ci, ba wanka. In ta matsa masa sai ya ce, "Yaya, kaina ne ya yi nauyi."

Dakan fufu, sakwarar rogo, kaɗai ke tashinsa. Ita ta goya 'yarta Akyaa, ta kama taɓarya, shi ya zauna gindin turmi yana juyawa da jiƙaƙƙen hannu, aikin da aka san mata da shi. Nan ne kawai take ganin haƙoransa.

Ran Lahadi mai gidan hayar, Maame Dufie, ta fito da takunkumi a haɓa, ta nuna Kwarteng da yatsa.

"Ke amarya, cire hannunki daga turmina! Irinku ne kuka jawo mana annobar nan."

"Maame, a jirgi ta zo, ba a ɗakina aka haife ta ba," in ji Boakyewaa. "Rufe hancinki tukuna."

Tsohuwar ta ja turmin, har da fufun ciki, ta shige.

Da yamma Ampofo, mijin Boakyewaa, ya ce sun gama magana da mahaifiyarta: gobe motar sansanin addu'a za ta zo ɗaukar Kwarteng. Ta san wurin sarai. Azumin dole, da sarƙa a ƙafa a gindin bishiya.

"Likita yake buƙata, baban Akyaa. Na samo lambar wata, ta waya ma take duba mutane."

"Maame ta ce ko ya fita ko mu kwashe kayanmu. Da jaririya, cikin kulle, ina muka nufa?"

"Sai dai motar ta bi ta kaina."

Labule ne kawai tsakaninsu da tabarmar Kwarteng.

Da safe motar ta tsaya, Boakyewaa ta tokare ƙofa da hannu biyu. Sai ta ji ƙamshin sabulu a bayanta. Kwarteng ne, ya yi wanka, ya aske gashin da ya yi shekaru yana tarawa, ya zura tsohon wandon Ampofo.

"Matsa, Yaya. Ni nake son zuwa."

"Ƙarya kake yi!"

"Ƙarya nake yi. Matsa dai."

Ya ɗaga hannunta a hankali ya wuce. Matan gidan suka yi cirko-cirko a tsakar gida, suna ta yi masa fatan samun lafiya.