Ruwan Idon Dogo

Tun yana firamare ake kiransa Dogo, kuma duk wanda ya gan shi ya san tsokana ce, domin ko a layin banki kansa ba ya wuce kafaɗar na gabansa. Sunan ya bi shi har ya zama malamin dabbobi, ya yi aure, ya haifi 'yan mata biyu. Ya daɗe da daina jin haushi. In an kira shi a waya ma da kansa yake cewa, "Dogo ne ke magana."

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen gari, da firij ɗin allurai mai gurnani, da teburin da aka tokare ƙafarsa ɗaya da kwali, ga warin maganin kaska da ya kama labule. Amma ba a nan aikin yake ba. Aikin yana can gonaki da garkunan shanu, inda kwalta take raka mutum rabin hanya ta sallame shi, daga nan sai burji, sai yashi, sai abin da ruwan sama ya bari. Shekara da shekaru ƙaramin babur irin na cikin gari yake lallaɓawa, har ranar da ya shiga wani rafi da shi injin ya sha ruwa ya ƙoshi. Bakanike ya kwance, ya duba, ya goge hannu da tsumma, ya ce wannan sai dai a yi masa addu'a.

Dole ta sa Dogo neman babur mai hawa kwalta ya kuma shiga daji, irin masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora. Na manyan kamfanoni ko kallonsu bai yi ba, ya san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A cikin masu sauƙin kuɗi, guda biyu ne suka tsaya masa a rai, kuma duka a shago ɗaya suke, shagon wata dattijuwa da ta gaji sana'ar daga mijinta, kowa Inna yake ce mata. Ɗaya ja, ɗaya fari.

Jan dai abin kallo ne. Injinsa ya fi girma, tankinsa babba, fitilarsa kamar ta mota, ga allo mai nuna lambobi a gaban matuƙi. Kuɗinsa ya ɗara na farin, kuma kayan gyaransa sai an aika babban birni. Farin kuwa ba shi da wani ado. Injinsa madaidaici ne, da kafireto irin na da wanda kowane bakanike zai kwance a gindin bishiya, yana da kik na tayarwa da ƙafa ban da maɓallin tayarwa, ba ya shan mai sosai, ƙarfen ɗaura kayansa faffaɗa ne. Sai dai sirdinsa tauri kamar benci, kuma an ce in ya hau kwalta aka matsa masa, har haƙoran mutum sai sun yi rawa.

Nan fa ruwan ido ya kama Dogo. Da safe ya tashi da ja, kafin la'asar ya koma fari. Ya kalli bidiyon mutanen da suka hau kowanne a waya har ya san muryoyinsu. Ya tare wani mai raba wasiƙu da babur a gidan mai ya yi ta yi masa tambayoyi a kan sarƙa da birki har mutumin ya ce yana sauri. Ya koma wurin bakanike, shi kuwa ya ce in dai don shi ne a sayi jan, ya gaji da ganin kafireto, daga baya kuma ya ce a'a, farin ya fi rufin asiri. A shagon Inna har kujera aka ware masa. Takan bar shi ya zagaya baburan, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya matsa taya da babban yatsa, ita tana can tana shan shayinta.

A gida, matarsa, wadda tela ce, ta haddace maganar tsaf. Tana taka keken ɗinki a falo, shi yana zaune a hannun kujera yana bayyana mata bambancin birkin faifai da na ganga, ita kuma tana cewa "to" a inda ya dace. 'Yan matan sun raba gari: babbar ta ja ce, ƙaramar ta fari, don kawai kada ta bi yayarta. Ana cikin haka aiki yana ta taruwa, domin motar haya ba ta kai shi ko'ina sai bakin kwalta, sauran kuwa a ƙafa, da akwatin allurai a kafaɗa. Wata rana ya dawo da ƙafa a kumbure, matar ta ajiye masa ruwan ɗumi ta ce, "Baban yara, lokacin da ka zo neman aurena ba ka yi wannan dogon binciken ba."

Ya ce ai ita ba ta da ta biyu a shagon, shi ya sa. Ta yi dariya, amma a ranar ta kira yayansa ta faɗa masa halin da ake ciki.

Yayan direban babbar mota ne, kuma shi ne dogon gaske a gidansu, har ana cewa shi ya kwashe rabon ƙanensa. Da ya sauka daga tafiya bai ko huta ba ya zo ya tasa Dogo a gaba sai shagon Inna. Ya ce magana ba ta hawa tudu, a ba su makullai su gwada. Inna ta sa aka fito da na gwaji guda biyu, ta miƙa musu hulunan kwano, ta nuna musu hanyar da ke bayan shagon, wadda ta bi ta gefen ma'aikatar bulo ta gangara wani tsohon ramin ɗibar ƙasa.

Dogo ya fara da jan. A kan kwalta kamar ana tura shi da iska, ko gyauron girgiza babu. Da suka sauka burji ya haɗiye ramuka bai ko tauna ba. Zuciyar Dogo ta gama yanke hukunci tun kafin su kai ramin. A bakin gangaren ne wata motar yashi ta fito, dole ya ja birki ya tsaya a wuri mai karkata. Ya miƙa ƙafar dama neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta nan. A shago, a kan siminti, yatsunsa suna taɓawa. A nan kuwa ko inuwarta bai samu ba. Babur ya fara kwanciya a hankali, cikin natsuwa, kamar raƙumin da zai durƙusa, Dogo ya bi shi har ƙasa.

Bai ji ciwo ba, sai gwiwar wando da ta goge. Yayan ya kafe farin ya zo, yana ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace masa, ya kama babur da hannu biyu ya miƙar. Direban motar yashin ya leƙo ya yi musu sannu ya wuce. A hanyar dawowa suka yi musanya. Farin ya yi ta kakkarwa a kan kwalta kamar yadda aka faɗa, sirdin kuma ba a yi masa ƙarya ba, amma duk inda Dogo ya tsaya tafin ƙafarsa yana zama daram.

Inna ta ga ƙurar da ke jikin jan da ta gwiwarsa, ba ta tambaya ba. Da ya fara ba ta haƙuri sai ta ce na gwaji ai don haka aka ajiye shi, wanda bai taɓa faɗuwa ba bai taɓa hawa ba. Yayan ya kawo shawarar a rage soson sirdin jan, a sassauta shokoziba, zai sauko kaɗan. Dogo ya kama wannan shawara da hannu biyu, domin har yanzu ransa yana kan jan.

Da yamma yana ba matarsa labari, ya ɗan rage tsawon faɗuwar, ya ƙara wa motar yashin laifi. Ta saurara tana warware wani ɗinki da reza. Ba ta yi masa dariya ba, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan. Sai da ya gama ta ɗago.

"Yau Yaya ne ya ɗaga maka. Ran da ka faɗi a daji kai kaɗai, da akwatin allurai a baya, wa zai ɗaga?"

Ya buɗe baki zai yi maganar soson sirdi, sai ya ga ba amsar tambayar ba ce. Duk bidiyon da ya kalla, babu wanda ya ga an kwantar da babur an ce mai shi ya tayar.

Washegari ya koma shagon shi kaɗai, ya roƙi Inna wata alfarma da ya ce ya san ba a saba ba. Ta saurare shi, ta sa aka shimfiɗa kwalaye a tsakar shagon aka kwantar da na gwajin duka biyun. Masu shagunan kusa suka fara leƙowa. Dogo ya cire agogo ya sa a aljihu, ya juya wa jan baya, ya kama kan da ƙarfen baya, ya yunƙura. Babur ya taso har rabi, jijiyoyin wuyan Dogo suka fito, sai ya koma ƙasa. A karo na biyu ya tayar da shi, amma sai da ya dafa bango yana haki, kuma a kan busasshen siminti ke nan, ba a cikin laka ba. Da ya huta ya kama farin, yunƙuri ɗaya ya miƙe.

Ya daɗe tsaye yana kallon jan. Inna ta bar shi ya gama kallonsa.

"Inna, a sa wa farin lamba."

"Ka tabbata, ɗana? Kujerarka tana nan in kana son ƙarin tunani."

Ya ce ya tabbata, a yi sauri kafin ya fasa.

Ba za a ce bai yi kewar jan ba. Duk sanda ya hau doguwar kwalta hannuwansa suka fara zugi, sai ya tuna shi. Matar ta ɗinka masa matashi siriri ta ɗaure a kan sirdin da igiyar roba, babbar 'yar kuma ta yi kwanaki ba ta kula babur ɗin, kafin ta sauko ta yarda a kai ta makaranta a kai.

Da damina ta kankama, wata safiya aka kira shi daga wata gona mai nisa a hayin rafi. Saniya ce ta kwana tana naƙuda, ɗan ya zo a karkace. Mai saniyar tsohuwa ce, saniyar kaɗai ce dukiyarta. Dogo ya ɗaure akwati ya kama hanya cikin yayyafi. Burjin ya zama kunun laka, tayar baya tana ta wutsil-wutsil, yana tafe yana dogarawa da ƙafa. Rafin ya kawo har gwiwa, ya sa giya ta ɗaya ya ratsa a hankali yana jin duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa, ya fita a hayin da ruwa cike da takalmansa.

Ya tarar da saniyar kwance a rumfa, idanunta sun yi fari. Ya tuɓe riga, ya wanke hannu har kafaɗa, ya durƙusa a cikin ciyawa. A nan kam ƙaramin jiki ya yi rana, domin siririn hannunsa ya shiga inda na wani ba zai shiga ba. Ya lallaɓa ya juyo ƙafar da ta lanƙwashe, ya ɗaura igiya, shi da tsohuwar suka ja tare. Maraƙin ya faɗo shiru. Dogo ya share masa hanci, ya goge shi da buhu da ƙarfi, har ya yi atishawa ya girgiza kunnuwa. Tsohuwar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen mayafi. Bai tafi ba sai da ya ga uwar ta miƙe tana lasar ɗanta.

Rana ta yi tsaka ya shigo gida, shi da babur ba a gane launin kowa. Matar ta fito ta dube su, ta ce ruwan wanka yana bayi, ya yi sauri kada ya huce. Ya ce to. Da ta ji shiru ta leƙo, sai ta gan shi tsugune a tsakar gida da bokitin ruwan ɗumin a gabansa, yana cire laka daga sarƙa da tsohon burushin haƙori, ƙaramar 'yar tana riƙe masa sabulu. Ta girgiza kai, ta koma kicin ta ɗora wani ruwan.