Bugun da Eladio Bai Ƙarasa Ba

"Ku sauke ƙafafun tukuna, kansa zai bugi bango."

Osmany ne ke magana, makaɗin gangar nan mai ƙaton ciki, yana saukowa da baya da baya a matakalar benenmu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Su huɗu suka ɗauko Eladio a naɗe cikin zanen gado, don matakalarmu ko kujera mai hannu sai an karkata ta take wucewa. Ni ina tsaye a bakin ƙofata a hawa na biyu, igiyar awo rataye a wuyana. Da suka zo kwanar da ke gabana sai zanen ya zame, ƙafarsa ta hagu ta fito. Takalmi ne mai ruwan ƙasa, dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina jin takalmin nan a saman kaina, ban taɓa ganinsa kusa haka ba.

Chela, mai ɗakin ƙasa, wadda bakinta bai san hutu ba, ta taɓa gwiwar hannuna.

"Nereida, ke da kike ƙarƙashinsa, ba ki ji faɗuwarsa ba?"

"Ina taka keken ɗinki, me zan ji?"

Ƙarya na yi, kuma ƙaryar nan ce ta hana ni sakat har kwana tara.

Eladio Pumariega piyano yake kaɗawa. Su uku ne a ƙungiyarsu: shi, da Osmany, da Yusimí mai ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa a ja tsirkiyarsa da yatsu. Jaz suke yi a wani gidan kiɗa a unguwar Vedado, duk waƙoƙin da shi ya tsara, yana cusa musu kiɗan rumba na unguwarmu Cayo Hueso har ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Sau biyu an kai su Kanada, ya dawo da tari da wata hular sanyi da ba ta da amfani a nan Havana. Matarsa ta daɗe da barinsa. 'Yarsu ɗaya tana Sifen.

Kullum ƙarfe huɗu na yamma yake zama ya yi aikinsa. Piyanon bai dame ni ba. Dunduniyar ce. Yana kiɗa yana buga kilabe da ƙafar hagu, bugun nan biyar da kowane jaririn ƙasar nan ya iya kafin ya iya tafiya: uku, sannan biyu. Gidanmu ya girmi kakata, duk bugu ɗaya sai garin farar ƙasa ya zubo daga rufi a kan kayan mutane da nake ɗinkawa. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Sai in ɗauki tsintsiya mai dogon mariƙi in caka wa rufin. Washegari in mun haɗu a matakala sai ya cire hula.

"Maƙwabciya, jiya kin shigo a makare. Tsintsiyarki ta ja baya da rabin bugu."

"Wata rana da kanka zan auna, sai ka ji ko na makara."

"In kin gyara zan ɗauke ki aiki. Osmany ya fara tsufa."

Haka muka zauna. Ni nake ɗinka masa fararen rigunan da yake hawa dandamali da su, shi kuma yana sauko mini da garin kofi na gaske duk sanda wani baƙo ya ba shi. Ban taɓa shiga ɗakinsa ba, bai taɓa wuce bakin ƙofata ba.

Ranar Talatar da ya rasu an ɗauke wuta tun safe, zafi ya cika ɗaki, ga rigar bikin wata yarinya da uwarta ta zo nema sau uku. Ƙarfe huɗu ya fara. Sabuwar waƙa ce, wata uku yana fama da ita. Ana cikin haka piyanon ya tsaya a tsakiya, na ji wani abu ya faɗi kamar buhun shinkafa. Shiru na ɗan lokaci. Sai bugun ya dawo, amma ba dunduniya ba ce, ya fi laushi. Uku, sannan ɗaya. Shiru. Uku, sannan ɗaya.

Na san akwai abin da ba daidai ba, ba zan ce ban sani ba. Kunnena ya yi ta jiran bugun na biyar, bai zo ba, har haƙorana suka fara tsami. Amma maimakon tsoro sai haushi ya kama ni. Na ɗauki tsintsiya na caka wa rufi sau uku.

"Ka ƙarasa ko ka bari, Eladio."

Bai ƙarasa ba, bai bari ba. Daidai nan Chela ta ɗaga murya daga tsakar gida cewa kaza ta iso shagon rabon abinci na gwamnati, layi har ya kai kwanar titi. Na ɗauki jaka na kulle ƙofa. Ina sauka ina jin bugun yana bina ta cikin bango. Awa biyu na yi a layi. Da na dawo na tarar Osmany ya ɓalle ƙofar, don sun zo gwajin kiɗa sun ji shiru. Likitar unguwa ta ce jijiya ce ta fashe a kansa, gefensa ɗaya ya mutu, baki ya ƙi, kuma ya jima da rai a ƙasa. Ta ce fatar gaɓoɓin yatsunsa na dama duk ta sale.

Laraba muka binne shi. Da 'yarsa ba ta samu zuwa ba, Yusimí ce ta ajiye masa kofin ruwa da kyandir a ƙasa, daidai inda ya faɗi. Kullum da safe za a sake ruwan a ɗaga kofin sama kaɗan, daga ƙasa zuwa kan littafi, zuwa kujera, zuwa tebur, har kwana tara, don mamaci ya gane hanyarsa sama ce ya bar ɗakin. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa mijina.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu ina zura zare a kafar allura na ji shi. Uku, sannan ɗaya.

Na ce famfo ne. Na ce ƙaton ɓeran nan ne na bayan tanki. Na leƙa matakala, sabon kwaɗon da Osmany ya sa yana rataye a ƙofar sama. Na dawo na zauna. Bugun ya yi awa biyu cif, sannan ya daina.

Juma'a na kira Chela ta sha kofi, da gangan na riƙe ta da hira har huɗu ta yi. Ya fara. Na zuba mata ido, ita kuwa tana ta ba ni labarin surukinta da ya sayar da firji ya sayi tattabaru. Ba ta ji komai ba. Sai dai ta dubi cikin kofinta ta yamutsa fuska, ta sa yatsa ta tsame wani farin gari.

"Gidan nan wata rana a kanmu zai kwanta. Babu kowa a sama ma rufinki na zuba."

A kwana na shida Yusimí da Osmany suka ƙwanƙwasa mini da hantsi. Yusimí doguwa ce siririya, yatsunta duk kanta, ba ta cika magana ba. Na ba su kujeru, na dafa abin da ya rage na kofin da shi ya ba ni.

"Inna Nereida, alfarma muka zo nema," in ji Osmany. "Sabuwar waƙar nan ta Maestro Eladio. Bai rubuta ba, kin san halinsa, sai ya gama a kansa yake kawo mana. Mun juye ɗakin, ko layi ɗaya babu."

"To ni na yi kama da mai karanta kiɗa?"

"Wata uku kina ƙarƙashinta. Duk duniya ke kaɗai kika ji ta."

Na so in kore su. Amma da na buɗe baki sai waƙar ta fito, da tsohuwar muryata mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ashe duk ta zauna a kaina ban sani ba. Yusimí ta ciro takarda tana rubutu da sauri, Osmany ya rufe ido yana kaɗa yatsu a cinyarsa. Na kai inda piyanon ya tsaya, ni ma na tsaya.

"Daga nan fa?" in ji Yusimí.

Ban yi niyya ba. Hannuna ne ya sauka a kan teburin keke da kansa. Uku, sannan ɗaya. Uku, sannan ɗaya.

Osmany ya buɗe ido. Yusimí ta ajiye fensir. Suka dubi juna.

"A ina kika ji wannan, Inna?"

"Me ya faru da shi?"

"Wannan ba waƙa ba ce," in ji Osmany a hankali. "Tsakaninmu ne mu uku. A kan dandamali ba ka iya tsayawa ka ce wa mutane ka shiga uku. In abu ya ɓaci, ko hannu ya riƙe, ko mutum ya ɓata hanya, sai ya yar da bugun ƙarshe na kilabe. Duk wanda ya ji sai ya cika masa bugun, wato na ji ka, ga ni nan, sai ya karɓi kiɗan. Shekara ashirin ina bayan Maestro, sau biyu kawai ya taɓa yi."

Na gaya musu. Tsintsiyar, da abin da na faɗa, da kazar, duka. Na gaya musu har yanzu yana yi kullum ƙarfe huɗu. Ban yi kuka ba, kunya ta fi ƙarfin kuka. Na so ɗayansu ya zage ni, da na ji sauƙi. Osmany ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Ai ba ki san alamar ba," ya ce.

"Na san bai cika ba. Wannan ko jariri ya sani."

"To mu zo da yamma mu amsa masa," ya ce wa Yusimí. "Ni zan..."

"Kwana shida ina hawa ɗakin nan, ban ji komai ba," in ji ta. Ta buɗe jaka ta ciro makulli ta ajiye kusa da almakashina. "Ya san ba ma nan a lokacin. Ba mu ya kira ba, Inna."

Ta naɗe takardarta, ta gode mini da kofi, suka fita.

Kwana na bakwai na hau da safe. Ɗaki ne ƙarami, ya fi nawa tsabta, abin da ya ba ni haushi kaɗan. Gado, piyano, fararen riguna biyar a jere a jikin ƙusa, duk ɗinkina. Na sake ruwan, na ɗaga kofin zuwa kan piyano, na kunna sabon kyandir na fito da sauri. Kafin huɗu ta yi na tsere bakin teku na zauna a kan katanga kamar marar gida. Kwana na takwas ma haka. Ina dawowa in tarar da farin gari a kan keken ɗinkina, in share.

Amma na san abin da ake cewa. In kwana tara suka cika mamaci bai tafi ba, ya zauna ke nan. Ba kaina nake ji ba, ni na saba da hayaniyarsa. Shi nake ji, a kwance a ƙasa yana kira har abada, babu mai hawowa.

Ranar ta tara na hau kujera na ɗora kofin a saman kabad, inda ya kusa taɓa rufi. Na sauka na yi wanka, na sa rigar da nake zuwa coci da ita, na ci shinkafa da baƙin wake loma biyu. Huɗu saura kwata na sake hawa. Chela ta gan ni daga tsakar gida.

"Ina zuwa haka da kwalliya, ko an samu wani tsoho ne?"

"Maƙwabci zan gaisar."

Na tura ƙofar na bar ta a buɗe. Rana ta shigo ta tagar baranda ta kwanta a daɓen. Tsakanin kujerar piyano da gado akwai inda kakin kyandir na ranar farko ya ɗiga ya daskare. Nan na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina na ƙara, na zauna dirshan na shimfiɗa tafin hannuna a ƙasa.

A nan sama ba a jin sa da kunne. A tafin hannu na ji shi, kamar yadda ake jin motsin ɗa a cikin mace. Uku, sannan ɗaya. Ya yi rauni sosai, kamar na wanda ya gaji. Na bar na farko ya wuce don tsoro ya riƙe mini hannu. Na bar na biyu don ina ƙirga, kada in shigo a makare. A na uku na dunƙule yatsuna na ƙwanƙwasa daɓen sau ɗaya.

"Na ji ka, Eladio. Ga ni nan."

Na mayar da tafin hannuna na jira. Daɓen ya yi sanyi, bai sake motsi ba. A titi mai sayar da gyaɗa ya wuce yana kiran kayansa, wata uwa tana kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Ban tashi ba. Na zauna a wurin har awa biyun suka cika, rana ta janye daga kan hannuna ta hau ƙafar piyano.