Sunaye Biyu a Jikin Mota

Ɗanliti ya kara bakin na'urar hura zafi a gefen sitikar, ya jira ta yi laushi, sannan ya zura wuƙar roba a ƙarƙashinta ya ja a hankali. Ta ƙi biyo shi. Ranar shekara da shekaru ta gasa ta har ta koma kamar ɓawon ƙwai, sai ɓarewa take ƙanana-ƙanana tana maƙale masa a farce. Ya sauko mataki ɗaya a kan tsani, ya saci kallon mutumin da ya kawo motar.

Martins yana zaune a bakin ƙofar motar tun isowarsa ƙarfe tara, makulli a hannu. An ba shi kujera ya ƙi, an ce ya shiga falo ya sha shayi ya ce ya gode. Mutumin Jos ne, siriri, mai yawan duba agogo. Ya ce a wurin Misbahu ya samu lambar Ɗanliti, amma da aka tambaye shi wane Misbahun, sai ya ce, "Na wajen Bowie ɗin nan," ya kau da kai.

Motar irin manyan nan ce da Amurkawa ke yawon ƙasa a ciki, mai gado da kicin da banɗaki. Ta cinye ƙofar gidan Ɗanliti a Mitchellville har bayanta ya leƙa titi. Dogayen layuka masu ruwan ƙasa sun zagaye jikinta, ga taswirar Amurka da aka liƙa wa jihohi ɗaya bayan ɗaya, sannan a kowane gefe an rubuta sunaye biyu da manyan haruffa masu lanƙwasa: Jerome da Olive.

"Su wane ne Jerome da Olive?" in ji Ɗanliti.

"Masu motar."

"Sayar maka suka yi?"

"A'a."

"To kyauta?"

Martins ya juya makullin a yatsa. "Yallaɓai, kai dai ka cire. Sunayen nan su ne gaba. Layukan ko ba a gama yau ba, babu laifi."

Ɗanliti ya sake duban sunayen. Wata bakwai ke nan da aka rage ma'aikata a ofishin gwamnatin da ya yi wa aikin injiniya shekara goma sha huɗu a unguwar Southwest, har da shi a ciki. Gyaran jikin mota da yake yi don sha'awa ran Asabar shi ya koma sana'a. Yanzu wani kamfani a Virginia ya yi masa alkawarin aiki, saura kawai su gama binciken tarihinsa. Ko takardar tarar gudu ba ya so ta shiga sunansa a wannan watan, balle motar da bai san asalinta ba.

Ya koma kan haruffan. Aikin ba ya son gaggawa: ka daɗe da zafi a wuri ɗaya fentin ya ƙone ya yi rawaya, ka yi sauri sitikar ta tsinke ta bar gam. Yana yi yana lura. Duk labulen motar a sauke suke. Janareto na ta gurnani a ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki na aiki a kan rufi. Wa ake sanyaya wa motar da babu kowa a ciki?

"Ka kashe janareton nan mana, kana ƙona mai a banza."

"A bar shi."

"Zan so in leƙa ciki in ga ko zafin na taɓa bangon."

"Ba ya taɓawa," in ji Martins, ya gyara zama ya tare ƙofar da bayansa.

Wajen sha biyu wayar Martins ta yi ƙara. Ya tashi ya matsa gindin bishiya, amma idonsa na kan ƙofar. Da Turanci yake magana, ƙasa-ƙasa. Ɗanliti ya kashe na'urarsa kamar zai huta, kunnensa ya tsinci kaɗan: "Ba ta sani ba... A'a, ba wanda ya gani... Kafin yamma an gama."

Da azahar Ɗanliti ya shiga gida ya yi salla. Hasiya, matarsa, ta dawo daga aikinta na kantin magani, tana tsaye a tagar kicin ko jaka ba ta ajiye ba.

"Abban Khalil, ka ga takardun motar nan?"

"Ban tambaya ba."

"Mutum ya kawo maka mota ya ce ka goge sunan masu ita, ba ka tambayi takarda ba? Matar gidan can sau biyu tana fitowa da karenta, kuma karen ba shi ya fito da ita ba. In 'yan sanda suka tsaya a ƙofar nan, sunan wa za su rubuta?"

"Bahaushe ne fa, ko in ce mai jin Hausa."

"Wanda ya tsere da motar ƙawata Najiba bara da wane yare ya gaishe ta?"

Ɗanliti ya kira Misbahun da ya sani. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya fito da faranti biyu na shinkafa, ya miƙa wa Martins ɗaya. Martins ya karɓa ya yi godiya, ya ci rabi, ya rufe sauran da takarda ya ajiye a gefensa.

"Takardun motar suna nan?"

"Suna ciki."

"In gani."

"Bari a gama tukuna, yallaɓai. Don Allah."

Ɗanliti ya so ya ce ya kwashe motarsa ya tafi, amma gefen ƙofa ya riga ya zama rabi da rabi, kuma bai taɓa sakin mota a haka ba. Ya fesa ruwan narkar da gam mai warin lemo, ya bar shi ya jiƙa, ya goge da tsumma. Ya wanke wurin da sabulu ya ɗauraye. Da ya bushe, sai ga sunayen nan daram. Babu sitika, amma fentin da ke ƙarƙashinta bai taɓa ganin rana ba, yana ƙyalli, na kewaye kuwa ya koɗe har farin gari yake bari a tafin hannu.

Martins ya miƙe tsaye. "Ai har yanzu ana karantawa!"

"Haka yake yi. Inuwar rubutun ce."

"Ba za ta fita ba? Yallaɓai, in ana karantawa ai ba a yi komai ba."

"Me ya dame ka da a karanta?"

Martins ya koma ya zauna. "A dai fitar da ita."

Ɗanliti ya ɗauko injin gogewa, ya ɗiga man a kan soso, ya fara bi layi-layi. Koɗaɗɗen fentin ya rinƙa tashi, sabon ya fito, haruffan suka rinƙa nutsewa cikin farin har suka ɓace. Ya ɗauki kusan awa biyu. Ya shafa kakin da ke kare fenti daga rana, ya jira ya bushe, ya fara murzawa da tawul mai laushi. Gefen motar ya koma kamar madubi. Duk da abin da ke ransa, sai da ya ji daɗin aikin hannunsa.

Tafinsa na kan bangon lokacin da ya ji bugu daga ciki. Sau uku, a hankali, daidai ƙarƙashin hannunsa.

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Ya sauko daga tsanin, ya zaro waya daga aljihu.

"Wa ke cikin motar nan?"

"Yallaɓai, tsaya..."

"Na ce wa ka kulle a ciki? Ka buɗe yanzu, ko in kira 'yan sanda su buɗe da kansu. Hasiya!"

Hasiya ta fito bakin ƙofa, tata wayar a hannu. Martins ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ɗaga hannu biyu.

"Zan buɗe. Amma don Allah a rage murya, tsoron hayaniya take."

Ya sa makulli ya buɗe. Sanyi ya fito tare da ƙamshin man shafawa. A kan doguwar kujera wata tsohuwa ce zaune, baƙar fata, gashinta fari fat, bargo a cinya, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa. Ta dubi Martins ta yi murmushi irin na wanda ya tashi daga barci mai daɗi.

"Mun iso?" ta tambaya da Turanci.

"Mun tsaya hutawa ne, Mama Olive." Ya durƙusa ya sa mata takalmin. Sannan ya juyo, ya ciro katin aiki daga cikin riga, ya miƙa wa Ɗanliti tare da wayarsa. Da Hausa ya yi bayanin, a gurguje.

Shi mai jinya ne, shekara uku yana kula da ita a gidanta. Ciwon mantuwa ne. Mijinta Jerome ya rasu bara. Motar na ajiye a tsakar gida, kuma nan kaɗai take yarda ta ci abinci ta yi barcin rana. In motar ta bar gidan ba da ita ba, kuka take yi har sai ta dawo. Amma kullum in za ta shiga sai ta karanta sunan ta tambaya ina Jerome. In an faɗa mata gaskiya, sai ta yi makokinsa sabo, kamar yau ya mutu.

"Kullum, yallaɓai. Wani lokaci sau biyu a rana. 'Yarta Lizzy ce ta ce a cire. Ga saƙonninta nan, ita ce ta kira ɗazu. Takardun na cikin durowa."

Ɗanliti ya karanta saƙonnin. Ya mayar da wayarsa aljihu.

"Me ya hana ka faɗa tun da safe?"

"Ba a ba ni izinin tallata ciwonta ba. Kuma ka san mutanenmu, kafin Lahadi labarin ya kai coci da masallaci. Kullewar kuma don kada ta farka ta faɗa titi ne, shi ya sa ban ɗaga daga nan ba."

Hasiya ta juya cikin gida, ta dawo da ruwa a kofi.

Tsohuwar ta ce tana son shan iska. Martins ya riƙe mata hannu ta sauko mataki biyun. Ta karɓi ruwan, ta yaba ɗankwalin Hasiya, ta tambayi Ɗanliti ko shi ne mai wannan sansanin matafiyan. Ya ce eh, shi ne. Ta taka har bakin ciyawa ta dawo. Da Martins ya ce su koma ciki, ta ɗaga kai ta dubi gefen motar. Fari tas, babu layi, babu suna, sai wata tsohuwa da ke kallonta daga cikin fentin.

Ta ja da baya. "Wannan ba tamu ba ce."

"Taku ce, Mama. Ga bargonki can."

"Ba na shiga motar mutane." Ta fizge hannunta. "Kai wane ne? Ina ka kai motarmu?"

Ruwan kofin ya zuba mata a riga. Martins ya yi lallashi, ya kira sunan Lizzy, ya nuna mata kujerarta ta ƙofa. Ta ƙi ko kallon wurin, sai waige take tana neman hanyar titi. A tsallake, matar mai kare ta sake fitowa.

Ɗanliti ya matso kusa da Martins. "Zagaya da ita ɗaya gefen. Ban taɓa shi ba."

Suka bi ta gaban motar a hankali, Hasiya na riƙe da ɗaya hannun. A gefen direba komai na nan: tsofaffin layukan da suka tsattsage, taswirar da saura jihohi huɗu ta cika, da sunayen. Tsohuwar ta tsaya. Kafaɗunta suka sauka. Ta miƙa yatsa ta bi harafin farko daga sama har ƙasa.

"Ga ta nan," ta ce. "Shi ya liƙa da kansa, ya karkace, ya ƙi yarda." Ta yi 'yar dariya, ta juyo ga Martins. "Ina Jerome?"

Martins ya sake riƙe mata hannu.

"Ya je sayo mai, Mama."

"Kullum sai ya bari ya kusa ƙarewa," in ji ta. Ta yarda aka zagaya da ita, idonta a kan Hasiya da ke ba ta labarin ɗankwali, har ta hau matakalar ta shige.

Martins ya ja ƙofar, ya dubi agogo, ya dubi gefen da ya rage. "Yanzu me zan ce wa Lizzy?"

"Ba ni lambarta, ni zan yi mata bayani," in ji Ɗanliti. "Wancan gefen wanke shi kawai zan yi, in bi gefen haruffan da kaki don kada su ƙara ɓarewa."

Ya zare wayar na'urar hura zafin daga soket, ya fara naɗe ta a gwiwar hannu.